Iya Ba Mai Haƙuri Ba Ce

Ranar da aka kai Iya makwancinta gidanmu ya cika har kaji suka rasa inda za su sa ƙafa, suka haye kan rumbu suna kallonmu daga sama. Mata sun zo daga Makoda, sun zo daga Tsanyawa, 'yan'uwanmu na Bacirawa kuwa mota guda suka ciko, da tabarminsu da butocinsu. Kowacce ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Daga nan sai ta gyara mayafi, ta karkatar da kai, ta ce, "Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah mai haƙuri, ba ta da hayaniya."

Da na fara jin haka na ɗauka matar ɓatan kai ta yi, wani gidan rasuwar ta nufa. Sai wata ta sake faɗa, wata ma ta ƙara. Kafin la'asar an gama mayar da kakata wata tsohuwa mai sanyin murya wadda ko ƙuda ba ta taɓa kora da ƙarfi ba. Har matar nan ta bayan masallaci, wadda Iya ta taɓa bi da muciya tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakinta saboda ta zagi wata marainiya, ita ma da bakinta ta ce, "Ni da ita ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba."

Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana kusa da ni tana share hawaye. Na matsa na raɗa mata a kunne, "Gwaggo, wai waye ya mutu?" Ta mintsine ni a cinya, har yau wurin bai koma daidai ba, sannan ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Matan suka yi ta ba ta baki, "Daina kuka, addu'a take buƙata." Ni kaɗai na san abin da ake yi a ƙarƙashin mayafin nan.

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Iya mahaifiyar babana ce, a ɗakinta na tashi, a bayanta nake kwana, kuma ban yarda a binne ta sau biyu ba, ɗaya a maƙabarta ɗaya a bakin masu ta'aziyya. Allah ya ba ta hannun kyauta, ya ba ta ƙwaƙwalwa, ya ba ta murya. Haƙuri kam ina jin ranar da ake rabonsa tana kasuwa tana faɗa da mai gishiri.

Idan ta ƙwala min kira daga tsakar gida, sai ka ga masu noma a gonakin bayan gari sun ɗago kai, kowa yana lissafin laifin da ya yi. Daddawa ce sana'arta, mu mu ce ƙamshi baƙi su ce wari, ko ma mene ne yana riga ta shiga ko'ina ya yi mata sallama. Ba ta cin miyar kowa ba ta yanke mata hukunci ba. Za ta lasa, ta yi shiru, mai girkin tana tsaye tana jiran hukunci, sai ta ce, "Wannan miyar daga nesa aka nuna mata daddawa." Amma idan mace ta haihu a unguwarmu, kafin ungozoma ta wanke hannu Iya ta iso da kunun kanwa da damin itace, tana hura wuta tana zagin mijin da bai tanadi komai ba.

Tana da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure wa baya da tsumma. Labarai ba su dame ta ba, ta ce kullum mutum ɗaya ne yake magana ba mai ba shi amsa. Wasan kwaikwayo take jira. Da an fara sai ta aje abin da take yi ta shiga cikin rigimar. "Kada ki buɗe masa ƙofa, maƙaryaci ne. Ke, na ce kada ki buɗe." In matar cikin rediyon ta buɗe, Iya takan wuni tana fushi da ita.

Mutum ɗaya ne a duniya Iya ba ta iya yi wa faɗa kai tsaye, shi ne Baffa, yayan babanmu, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar kakanmu. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo sai ta juya baya ta kama wani aiki. To amma mace irin Iya ba za ta haɗiye magana ta zauna lafiya ba, sai ta samo dabara. Tana da wata jar akuya a turke kusa da ƙofar ɗakinta. Duk abin da take so Baffa ya ji, akuyar take gaya wa.

"Ke ja, ki gaya wa wancan ɗin katangar bayan ɗakina ta tsage. In jira yake ta faɗo min a ka, ya sanar da ni in sa kwano."

Baffa yana tsaye a bayanta da farin gemunsa, mutumin da ake tashi a ba shi wuri a zaure, sai ka ji ya ce wa akuya, "A ce mata gobe za a zo a gyara." Akuyar nan ta san sirrin gidanmu fiye da mai unguwa.

Gonakinmu a nan a matse suke, ta wannan tana jingine da ta wancan, wani lokaci layin gamba ne kawai ya raba su. A kan iyakar gonar Baffa da ta maƙwabcinmu akwai wata ɗorawa, kuma tun kafin a haife ni suke jayayya a kan mai ita. An je gaban mai unguwa, an je gaban dagaci, ɗorawar dai tana tsaye tana sauraro. Abin da mazan ba sa so a tuna musu shi ne, duk shekara Iya da matar maƙwabcin tare suke kaɗo 'ya'yanta, su raba kalwa, kowacce ta yi daddawarta. Shekarar da maƙwabcin ya kwanta ciwo Iya ce mai kai masa kunu kowace safiya. Takan dire kwanon ta ce, "Sha ka warke, ɓarawon bishiya, kada ka mutu ka bar wancan ba abokin faɗa."

Wannan ɗorawar ce ta so ta zaɓa min karatu. Da na zo ƙarshen sakandare Baffa ya kira babanmu ya ce ya yi tunani: tunda Allah ya jarrabi gidan nan da yarinya mai bakin da ba ya hutawa, gara a kai bakin inda zai yi amfani. Lauya zan karanta, in dawo a yi ta ta ƙare a kan bishiyar nan. Babanmu bai taɓa yi wa yayansa musu ba tunda aka yaye shi, ya ce to.

Ni kuwa tun ina ƙarama abu ɗaya na iya, kwaikwayo. Na iya tafiyar ladan, na iya tarin mai unguwa, na iya yadda malamin lissafinmu yake neman allin da ke maƙale a bayan kunnensa. Ranar da malamar Hausa ta gaya mana a jami'a akwai sashe guda da ake karanta wasan kwaikwayo, a rubuta, a tsara, a hau dandamali, kuma a ba mutum digiri a kai, na dawo gida na cinye tuwona da na ƙanena ban san na ci ba.

Rajistar jarrabawar shiga jami'a a wani shagon kwamfuta ake yi a Tsanyawa. Ranar kasuwa ce, sai aka haɗa ni da Iya, ita ta kai daddawa ta kuma sa min ido. Maimakon ta wuce rumfarta sai ta biyo ni shagon da kwandonta, ba a jima ba samarin da ke kan layi suka fara tuna suna da uzuri a waje. Mai shagon ya tambaye ni kwas ɗin da nake so. Na ce lauya, da irin muryar da ake amsa laifi.

"Tsaya," in ji Iya. "Ƙawata, dube ni." Haka take kirana. "Wannan lauyar, ke kike so ko ɗorawa?"



"Wanne ne in kin farka da safe kika tuna shi za ki yi, ba za ki ja zane ki koma barci ba?"

Na gaya mata. Ta sa na maimaita bayanin. Ta tambaya ko irin na rediyo ne, na ce har da shi. Ta tambaya ko tsirara ake yi, na ce a'a. Ko ana hana salla, na ce a'a. Ta juya ga mai shagon ta ce, "Yaro, danna mata wancan."

"Hajiya, an yi shawara da iyayenta maza kuwa?"

"Ni na haifi iyayen nata maza. Danna."

Ba mu ɓoye wa kowa ba. Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta tsaya gaban turke daidai lokacin da Baffa ya shigo daga masallaci.

"Ke ja, ki gaya wa wancan ɗin an danna wa yarinya abin da take so. In lauya yake nema ya koma makaranta da kansa, ai ba a rufe ba."

Ban taɓa ganin Baffa ya ɗaga wa akuya murya ba sai ranar. "A ce mata 'yar fim za a mayar mana da yarinya. A ce mata ni za a nuna da baki a masallaci."

"Ki ce masa masu nuna shi da baki sun daɗe suna yi, a kan bishiya."

"A ce mata mutuncin gida nake tsarewa."

"Ki tambaye shi wa ya tsare mutuncin gidan kafin ya iya ɗaura wando."

Akuya ta gaji, ta kwanta ta juya musu baya su duka. Daga ƙarshe Baffa ya ce a ce mata ya ji, amma shekara ɗaya ya bayar. In ya ga abin da bai kwanta masa ba, yarinya za ta canza kwas ko ta dawo gida. Iya ta ce a ce masa shekara ba tasa ba ce balle ya bayar.

Na ci jarrabawa, na samu gurbi a wata jami'a a Kano. Makon farko kowace ƙungiyar ɗalibai ta kafa tebur a gindin bishiya tana farautar sababbin shiga kamar dillalai a kasuwar dabbobi. 'Yan muhawara sun ja ni, 'yan ƙaramar hukumarmu sun ja ni, wasu masu dashen itatuwa har hula suka ɗora min. Amma wadda ta tafi da hankalina ita ce ƙungiyar wasu 'yan mata a ɗakunan kwananmu. Duk Juma'a anko suke yi, atamfa iri ɗaya, turare iri ɗaya, tafiya ma iri ɗaya kamar an haɗa su da zare. Ba kowa suke ɗauka ba, sai an gayyace ki shan shayi an duba takalminki da Turancinki. An gayyace ni. Shugabarsu ta tambaye ni garinmu, na faɗa, ta ce, "Ayya. A cikin Kano yake kuwa?"

Na kira Iya a wayar Gwaggo na ba ta labari. Iya ba ta yarda waya tana iya kai magana ita kaɗai ba, don haka taimaka mata take yi da ƙarfin maƙogwaro. Duk 'yan ɗakinmu sun ji.

"Ƙungiya? Mu ma mun yi. Ni ce sarauniyar 'yan matan unguwarmu, gyaɗar tsofaffi duk mu muke tsinke musu. To su waɗannan in sun taru me suke yi?"

"Hoto, Iya."

"Daga nan fa?"

"Sai su duba hoton."

"In ɗaya ta kwanta zazzaɓi, wa ke kai mata ruwan zafi?"

Na ce ban sani ba. Ta ce in je in gano tukuna. Ban daɗe ba na gano, domin zazzaɓin ni ya kama. Masu anko sun turo min hoton fure a waya. Waɗanda suka zo da fulas ɗin kunu, suka zauna a bakin gadona suna kwaikwayon nishina har dariya ta sa na yi gumi, 'yan matan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne, tarkacen mutane da ke gwaji a wani tsohon aji mai yoyo. Wajensu na tare.

Kada a ɗauka ban taɓa yin rauni ba. 'Yan sashen lauya suna wucewa cikin baƙi da fari kamar hankaki, kowa yana ba su hanya, mu kuwa 'yan rawa ake kiranmu. Wata rana wani ya tambaye ni a gaban mutane ko ana ba mu maki a kan kuka. Na kira Iya na ce ina ganin zan canza, wataƙila Baffa ya fi mu gaskiya. Wannan ne faɗa na gaske da muka taɓa yi.

"Karatun ne ya gundure ki?"

"A'a."

"Malaman ne ba su iya ba?"

"Sun iya. Mutane ne suke dariya."

"Ke da kika je koyon yadda ake sa mutane dariya? Na tsaya na yi faɗa da wancan har akuyata ta daina cin dusa, sai ki zo ki ce min wani mai baƙar riga ya harare ki. In karatun kika ƙi, canza, ni zan raka ki. In bakin mutane kika ji tsoro, kada ki ƙara kirana ƙawa."

Ta miƙa wa Gwaggo wayar ba sallama. Na yi fushi, na daina kira. Ita ce ta aiko min da ƙullin daddawa ta hannun direban motar garinmu, ba saƙon komai. Ɗakinmu ya ɗauki ƙamshi har 'yan anko suka canza hanya.

A wasanmu na farko an ba ni tsohuwa mai sayar da kayan miya. Ban sha wahalar bincike ba. Na ɗaura zane bisa riga, na ɗauki sanda, na buɗe maƙogwaro, zauren ya kusa rushewa. Wani ya ɗauka a waya, bidiyon ya yi ta yawo har ya riga ni isa ƙauyenmu. Da na zo hutu na tarar Baffa da hanci yake amsa gaisuwata, Iya kuma ta aiko a kira ni. Na shiga ɗakinta ina karanta duk addu'ar da na haddace.

"Ni ce wannan?"

"Wata tsohuwa ce dai, Iya."

"Wata tsohuwa mai muryata. To ke makauniya ce? Duk kwanan da kika yi a bayana ba ki san ƙafar hagu ce take min ciwo ba? Kin je gaban mutanen birni kin ɗingisa da dama, a ce 'yan ƙauye ko ɗingishin ma ba su iya ba. Tashi."

Hutun nan gaba ɗaya a makarantar Iya na yi shi. Ta koya min yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe, yadda take aje goro a kunci ɗaya ta yi faɗa da ɗayan, da yadda ake ɗan yin shiru kafin a saki zagi don ya sauka daidai. In na kuskure ta ce sake. In na dace ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Allah ya shirye ki, ashe haka nake?"

A cikin hutun ne, wata rana da hantsi muna wanke kalwa, Baffa ya ratsa tsakar gida, ta juya baya kamar kullum. Da ya fita na tambaye ta ko ba ta gajiya da wannan abin.  Ta ce da aka yaye shi kakarsa aka kai wa, a gidan da ke bayan namu, kuma ba ta da ikon ta je ta ɗauke shi a gaban mutane. Akwai wata ɓula a jikin zanar da ta raba gidajen, nan take zuwa ta leƙa shi yana wasa da ƙasa.

"Ranar da ya faɗi ya fasa leɓe ina kallo. Hannuna na ciza don kada in kira shi." Ta nuna min wurin. Babu tabo, amma ta san wurin. Sai ta ce, "Wanke kalwar nan, kin tsaya kina kallona kamar talabijin."

Da damina Iya ta rasu, gero ya fara fitar da kai. Ciwon bai ja ba. Ina tsakiyar gwajin wasa aka kira ni, kafin mota ta kawo ni an riga an fita da ita. Gwaggo ta ce maganarta ta ƙarshe da aka gane ita ce wai an cika wa kunu tsamiya.

Bayan sadakar uku Baffa ya kira ni zaure, babanmu yana gefe yana kallon tabarma. Baffa ya ce shekarar da ya bayar ta kusa cika, ya kuma ga abin da ya gani a waya. Wadda ta ɗaure min gindi ta tafi. Ko dai in koma in nemi canjin kwas in fita daga ƙungiyar 'yan wasa, ko in zauna a gida. Ya ƙara da cewa ranar bakwai ba ya son wasan jikoki a gidan nan, addu'a za a yi a watse.

A wajenmu idan tsoho ya cika da shekarunsa ya bar jikoki, ranar sadakar bakwai jikokin sukan sa kayansa su fito tsakar gida suna kwaikwayonsa, tafiyarsa da faɗansa da komai, har masu kuka su yi dariya, sannan a sallame su da waina da gumba. Yanzu an fara dainawa, wasu ba sa so. Iya ta yi wa kakarta, kuma ta sha gaya min in ta mutu na bari wata mai sanyin jiki ta yi ta, za mu haɗu.

Ranar bakwai da hantsi maza suna waje an shafa fatiha, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina. Na shiga ɗakin Iya. Kayanta suna nan a kan igiya ba a taɓa ba. Da na ɗaura zanenta, daddawa da hayaƙi suka buge ni, sai da na zauna a bakin gado na ɗan jima. Sannan na tura goro a kunci, na ɗauki sandar, na dafa gwiwa na miƙe na fito.

"Wace mai mutuwar zuciyar ce ta soya wainar nan? Don na mutu sai a ci amanar shinkafa?"

 Wata ta saki faranti. Sai Gwaggo ta fashe da dariya irin mai haɗe da majina, shi ke nan kowa ya ɓarke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi 'yan Bacirawa ko ta'aziyya suka zo ko auna ɗakina. Na tsaya gaban matar bayan masallaci na ce a miƙo min muciya, ta tashi ta ɓuya bayan rumbu tana cewa, "Wallahi ita ce." Matar maƙwabcinmu mai ɗorawa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kamo gefen zanen ta riƙe.

Ban ga shigowar Baffa ba, shirun da ya biyo shi na ji. Yana tsaye a bakin ƙofa. Ƙafafuna suka ce mu gudu. Amma a cikin zanen Iya nake, kuma Iya ba ta taɓa gudun kowa ba, abu ɗaya take yi in ya shigo. Na juya masa baya na nufi turke.

"Ke ja, ki gaya wa wancan ɗin in waina yake so ya zauna, in faɗa yake so ya bi layi."

"Ya isa," in ji Baffa.

"Ki ce masa ban gama ba. Ki ce masa akwai ɓula a zanar gidan kakarsa. Ki ce masa ranar da ya faɗi ya fasa leɓe ina wurin. Kullum ina wurin. Bai taɓa yin wasa shi kaɗai ba."

 Ban juya ba, don haka ban ga fuskarsa ba. Gwaggo ce ta gaya min daga baya ya kai hannu ya taɓa leɓensa. 

"Kuma ki ce masa ƙawata za ta koma karatunta, wanda aka danna mata."

Wannan ta ƙarshen ni na ƙara, kuma duk wanda ya san Iya ya san da ita ce da ta fi haka ƙarawa.

Baffa bai yi wa akuya magana ba, ni ya yi wa. "Cire mata kayanta."

"Yaya, bar ta," in ji Gwaggo, wadda ban taɓa jin ta tanka masa ba. "Jika ce, ranarta ce. A ba ta wainarta."

Ya juya ya fita. Na zauna a cikin zanen na ci wainar, ina ci ina kushe ta, hawaye suna sauka a farantin.

Bayan an watse Baffa bai ƙara ce min komai ba. Da ranar komawa makaranta ta zo na haɗa jakata. Babanmu ya dubi jakar, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi dogon jawabi, sai ya ce, "Je ki sallami Baffanki." Ban taɓa ganin ya yi jarumta irin wannan ba.

Na same shi a gona yana cire ciyawa a cikin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, zan koma."

"Wane karatun?"

"Wanda na fara."

"Da ƙungiyar?"

"Da ita."

Ya ci gaba da aikinsa. "Ba da yawuna ba."

"Na sani, Baffa."

"In abu ya lalace kada a zo min da kuka."

"To."

Ya miƙe ya dafa ƙugu. "Abu ɗaya. Kada ki ƙara sa uwata a gaban baƙi suna mata dariya."

Na so in sake cewa to, domin ita ce kalmar da za ta sa in tafi lafiya. Ta ƙi fitowa.

"Baffa, wannan kam zan yi. Waɗanda suka yi dariyar ba su taɓa ganinta ba, amma da suka ji ta rasu kira na suka yi suna kuka. Wasa guda zan rubuta a kanta."

"Har da ni a ciki?"

"Har da kai."

"Wa zai yi ni?"

"Akwai wani dogo, sai dai ba shi da gemu. Za mu manna masa auduga."

Ya daɗe yana kallona. Na shirya wa mari, har na zaɓi kuncin da zan bayar. Sai ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa.

"Ban yarda ba," ya ce, bai ɗago ba. "Tafi kada mota ta wuce ki."

Na tafi. Har yau bai yarda ba. Gwaggo ta ce duk wanda ya tambaye shi abin da nake karantawa sai ya ce, "Tana dai jami'a," ya koma zancen taki. Ya yi ta rashin yardarsa, Allah ya ƙara masa lafiyar yi. Ban san abin da zan zama da wannan digiri ba, shi ma ya sha tambaya, kuma tambayarsa tana bisa hanya. Abin da na sani shi ne ban canza kwas ba, ban fita daga ƙungiya ba, an kuma ba mu ranar hawa dandamali bayan girbi. An samu audugar.

Allah ya jiƙan Iya. Ya yafe mata abin da bakinta ya ɗauko, ya saka mata da abin da hannunta ya bayar. Ya yalwata mata makwanci, ya haskaka shi, ya haɗa ta da maƙwabta nagari masu juriyar surutu. Amin.